Shekarar da Na Tsare Ƙofa

Bashiru, Hadiza, Nura, wannan babin domin ku na rubuta shi fiye da kowa. Hadiza ta dawo daga suna a Rabah ta faɗa mini wata mata ta nuna ta da baki, ta ce ga ɗiyar wadda ta kori Goggo Tumba daga ƙofar ƙanenta. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ta bari sai na natsu. Yanzu na fita takaba da wata uku, na natsu, zan faɗi yadda abin ya kasance. Lokacin da aka yi shi Bashiru yana wurin aiki a Sakkwato, ku biyun kuna makarantar kwana. Abin da kuka sani ji kuka yi.

Kun san babanku da tantabaru. Tun yana yaro yake kiwonsu, kuma ko da ya zama mai rumbunan albasa, da hannunsa yake share masu akurki kowace safiya. Da tarin ya fara, an daɗe ana ba shi maganin tibi bai ji sauƙi ba, har wani likita a Sakkwato ya tambaye shi ko yana kiwon tsuntsaye. Ashe ƙurar gashinsu da kashinsu ce ta yi ta shiga huhunsa shekara da shekaru har ya ƙeƙashe. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya koma ba ya iya zuwa zaure daga ɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Ya koma sallah a zaune, da tukunyar iska a gefensa. Aka ce babu sauran magani sai dashen huhu, kuma ba a yin sa a ƙasar nan. Baffanku Sani, wansa, shi da abokan sana'ar babanku suka tsaya a kan tafiyar, Allah ya saka masu. Ni aka ce in raka shi Indiya, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Wata bakwai muka yi a wani ɗan ɗaki kusa da asibitin muna jira. Abin da ya fi damuna a jiran shi ne sanin cewa sai wani ya rasu kafin babanku ya samu huhu. Na kasa sanin addu'ar da zan yi. Na sa aka kira mini limamin unguwarmu ta waya na tambaye shi, ya ce ajalin kowa a rubuce yake, ba jirana zai matso da shi ba, in riƙa yi wa mutumin da danginsa addu'a tun ban san su ba. Haka na yi, har yau kuma ban daina ba. Wata safiya ina wanke shinkafa aka kira mu. Yini guda aka yi ana aikin. Ina zaune a kan benci da carbi, wata tsohuwa Ba'indiya da ke jiran nata majinyacin ta riƙe hannuna tun hantsi har la'asar. Ba ta ji Hausa, ban ji yarenta ba, ban kuma sake ganinta ba.

Ranar da aka cire masa bututu ya ja numfashi da kansa, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya juyo ya ce mini,

"Luba, huhun ga bai san warin albasa ba. In munka koma Wurno sai na koya mai a hankali."

Kafin a sallame mu, wata nas gajeruwa mai furfura ta yi kwanaki tana koya mini aiki, wani mutumin Nijar mazaunin can yana yi mana tafinta. Ta koya mini lokutan magani, da auna zafin jiki, da wanke hannu har gwiwa. Ta ce magungunan da za su hana jikinsa ƙin sabon huhun su ne kuma za su kwantar da garkuwar jikin, don haka murar da ba za ta hana ni daka ba shi tana iya kai shi kabari, musamman a shekarar farko. Ba musabaha, ba cin abinci a kwano ɗaya, ba nonon da ba a dafa ba, ba hayaƙi, kuma mai tari ko mura kada ya shiga inda yake ko wane ne. Ta tambayi mutum nawa za su zo duba shi in mun koma gida. Tafintan ya yi dariya bai ma juyo gare ni ba, ya ce mata duk garin. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kama kafaɗata ta faɗi wata magana, ya fassara mini cewa su sun gama nasu, saura nawa.

Na kira Baffa Sani na roƙe shi abu uku. A raba tantabarun a rushe akurkin, a gyara ɗakin da ke jikin zaure a sa wa tagarsa raga, sannan ya je Rabah ya yi wa Yaya Tumba bayani kafin mu iso. Ya yi biyun farko da kyau. Na ukun kuwa cewa ya yi,

"Wanga aiki ba nawa ba na. Ni in dibi Tumba in ce mata kar ta taɓa Auta? Ku dai ku iso, Allah shi kawo sauƙi."

Ban matsa masa ba, don ni ma tsoronta nake ji. Goggonku ita ce babba a ɗakinsu, ita ta raini babanku, kuma a gidan nan maganarta ta fi ta kowa. Tana da zafin baki, tana da kyauta. Shekara talatin da ɗaya tana kirana Amarya, in na haihu ita ke fara isowa da ƙwaryar fura, ta zage ni a kan miyata ba gishiri, ta kwana tana mini wanka da ruwan zafi. Ba maƙiyiyata ba ce, kada wani ya faɗa maku haka.

Ranar da muka shigo Wurno, 'yan kabu-kabu suka rako motarmu tun daga tasha suna danna ham. Ƙofar gida ta cika. Na sa babanku ya saka takunkumi, muka ratsa mutane yana ɗora hannu a ƙirji, na shigar da shi ɗakin na tura ƙofa. Tagar ɗakin tana kallon waje, nan aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Da farko an yi gunaguni, wasu na miƙo hannu suna cin karo da raga. Abin da ya taimake ni shi ne Liman ya zo da wuri, ya zauna a tabarmar waje ba tare da an ce masa ba, ya ɗaga hannu ya yi addu'a daga nan. Da suka ga haka kowa ya bi. Mata kuwa ta tsakar gida suke zuwa, babu wani liman a can, ni ce kawai a bakin ƙofa da kwanon ruwa da sabulu, ina ba da haƙuri.

A kwana na uku da hantsi Goggo ta iso. Na ji tarinta tun tana zaure, tari mai nauyi daga ƙirji. Ta shigo da ƙwaryar fura da nono a ka da gorar rubutu a hannu, idonta ja, tana share hanci da bakin mayafi.

"Amarya, ina Autana?"

"Shina ciki, Yaya. Sannu da hanya. Ga tabarma nan, in ɗage labule ki gan shi shi gan ki."

"Tabarma? Baƙuwa nike? Amshi ƙwaryar ga ki dama mai, nonon Hulanin bayan gidanmu na. Gusa in yi mai tohi."

Na karɓi ƙwaryar na ajiye, na durƙusa a dokin ƙofar, na dafa gefe da gefe da hannuwana. Mata kusan goma ne a tsakar gida, duk suna kallonmu.

"Yaya, kina tari."

"Tarin tsuhwa na. Shekara nawa nika yin shi, wa yak kashe?"

"Likita ta ce ko wane ne."

"Likita ta goya shi? Ranar da Inna tar rasu shina wata tara. Da bakin ga nika tauna mai tuwo in ba shi. Yau miyauna na yaz zama dahi?"

 Na sunkuyar da kai na ce ta yi mini haƙuri, ta bari sai tarin ya tafi, ni da kaina zan je Rabah in ɗauko ta. Sai na ji muryar babanku daga ciki. Sabuwar murya ce, mai ƙarfi, wadda na yi shekara biyu ban ji irinta ba.

"Luba, bar ta ta shigo."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba. Na tuna hannun tsohuwar nan a kan benci, na tuna akwai wasu mutane a wata ƙasa da suka binne nasu ba huhu a ƙirjinsa. Ban juya ba na ce,

"Malam, ba ta shiga."

Na san abin da namiji ke iya furtawa a irin wannan lokaci, kuma na yanke a raina ko ya furta ba zan tashi daga wurin ba sai ta tafi. Bai furta ba. Goggo ta daɗe tana kallona. Ta ajiye gorar rubutun a ƙasa kusa da gwiwata, ta ɗaga murya ta ce,

"Auta, Allah shi ƙara sauƙi. Na ga kana da mai tsaro. Lubabatu, sai wata rana."

Aka bi ta da ruwa har zaure ta ƙi sha. Ta taso daga Rabah cikin rana, ta koma ba ta ga fuskarsa ba, ba ta jiƙa maƙoshi a gidan ƙanenta ba. Don haka Hadiza, abin da matar nan ta faɗa gaskiya ne. Ban ce mata tafi ba, amma na hana ta shiga, kuma a wurinmu ba wani bambanci.

Kwana uku babanku bai yi mini magana ba. Yana karɓar magani ya sha, ya miƙo hannu in auna, ya juya fuska bango. Furar na aika wa maƙwabta. Rubutun kuwa na rasa yadda zan yi da shi, zubarwa ba ta yiwuwa, ba shi haka kuma ban san ruwan da aka wanke allon da shi ba. Na aika aka tambayi Liman, ya ce ba laifi in tafasa. Na tafasa shi a sabuwar tukunya, ya huce, na zuba a kofinsa na ce ga saƙon Yaya. Ya karɓa ya ji ɗumin kofin, ya dube ni.

"Ke ko rubutu sai kin dahwa?"

"Sai na dahwa."

Ya yi bisimilla ya shanye. Ya riƙe kofin ya ce a hankali, ita kaɗai ce uwar da ya sani. Na ce na sani. Daga nan muka ci gaba da magana, ba mu sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Ba zan ce maku da ta shiga da ya mutu ba. Ban sani ba, babu wanda ya sani. Wataƙila tarin tsufa ne kamar yadda ta faɗa. Abin da na sani shi ne an danƙa mini abu an ce in tsare, takardar da aka ba ni da Turanci take, babu wanda ya ji bayanin da kunnensa sai ni, don haka duk dokar da ta fito daga bakina kamar ni na ƙirƙire ta. Wasu suka ce na je Indiya na koyo ƙyamar mutane. Wasu suka ce na mallake shi. A wannan shekarar ban je biki ba, ban je gaisuwar mutuwa ba, don kada in kwaso wani abu in kawo masa, wannan ma aka lissafa mini shi cikin laifuffukana. Girki a gidan maƙwabciyata Inno nake yi saboda hayaƙi, in ɗauko in ratso da shi a rufe. Duk wanda ya shigo cewa yake ya jikin Malam, kuma daidai ne. Inno ce kaɗai wata rana ta tsaya ta dube ni da kyau.

"Ke, yaushe rabonki da kwana?"

"Ina yi."

"Ƙarya kika yi. Je ki kwanta, ni in zamna ƙohwa. Wanda yat tari ko limamin Makka na sai shi koma."

Na kwanta bayan azahar, ban farka ba sai da aka kira la'asar. Barci ne na 'yan sa'o'i, amma har yau in ana lissafin alherin da aka yi mini a duniya shi nake fara tunawa.

Babanku yana kiran Goggo a waya duk Juma'a, su daɗe suna hira, in ya ce ga Luba sai ta ce ana kiranta. Da shekara ta cika likitocin suka sassauta, wurin da ya fara cewa a kai shi Rabah ne. Muka tarar ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ga buta da sabon sabulu a gefe. Wani ya faɗa mata, ko ita ta tambaya, ban sani ba. Ta zauna ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa, ta ɗaga su sama suna ɗiga ta ce masa,

"Tambayi mai tsaronka in sun wanku."

Ya yi dariya har ya riƙe ƙirji. Ta kama hannunsa da nata biyu, ta shafa kansa, ta ce ya rame, ta ce Indiyawa sun ba shi huhu sun hana shi tuwo. Ni ta ce mini an iso lafiya, na ce lafiya lau, iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Na zauna a gefen tabarma ina kallonsu, kuma wallahi raina fari ne.

Shekarun da suka biyo baya ku ma kun gan su, ba sai na tsawaita ba. Ya koma tafiya masallaci da ƙafarsa, yana tsayawa a ƙarshen sahu da takunkuminsa. Lokacin rani Bashiru kan kai mu gonar da ke wajen Goronyo, ya zauna a mota da ƙofa a buɗe yana kallon ana ba albasa ruwa, yana faɗa da ma'aikata daga nesa cewa sun cika wa kwami, wato fangalin shuka, ruwa. Ya ɗaura wa Hadiza aure da bakinsa. Ya yi wa jikansa na fari huɗuba, bayan na sa ya wanke hannu, yana cewa shi da jaririn dokarsu ɗaya a gidan nan. Da safe mukan zauna a bakin ɗakin mu biyu, shi da kokonsa ni da nawa, ina jin numfashinsa yana shiga yana fita ba ƙara. Ban taɓa gajiya da sauraronsa ba.

A shekara ta biyar numfashin ya fara gajarta. Likitocin Sakkwato suka yi ta magana da na can, aka canza magani, aka sake canzawa. Daga baya suka zaunar da ni da Bashiru suka ce jikin ya fara ƙin huhun a hankali, kuma ba abin da zai mayar da shi. Babanku ya ce a kai shi gida. Da muka shiga ɗakin ya huta, ya dubi tagar ya ce,

"Luba, aikinki ya ƙare. Buɗe musu."

Da hannuna na cire ragar. Na ɗauke kwanon sabulu daga bakin ƙofa, na ce wa Bashiru ya faɗa a masallaci duk mai son ganin Malam ya shigo har ciki. Suka shigo, manoma da 'yan kasuwa da abokansa na ƙuruciya, kowa ya ba shi hannu ya riƙe. Ɗakin ya cika da zufa da warin turare da na albasa, shi kuwa yana ta murmushi ƙarƙashin robar iska. Na tura Nura Rabah da mota.

Goggo ta iso da sanda, ta ƙara tsufa. Da ta zo dokin ƙofar ta tsaya da kanta.

"In shiga?"

"Shiga, Yaya."

"Ina mura hwa."

"Shiga da ita."

A nan ta gane lokacinsa ya matso. Ta dafa bango ta ɗan jima, sannan ta shiga ta zauna a bakin gado, ta ɗora kansa a cinyarta, ta yi masa tofi a goshi da ƙirji yadda ta so. Bayan kwana biyu, ana kiran la'asar, ya cika. Kansa yana cinyarta, hannunsa yana cikin nawa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wanda ya ba shi numfashin shekarun nan.

Ta zauna tare da ni har sadakar bakwai. A ɗaki ɗaya muke kwana, ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban sake ba ta ba. Ranar da za ta koma, ta ɗaure kayanta ta zauna a kansu tana jiran mota, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba,

"Shekara nawa yay yi bayan kun dawo?"

"Huɗu da wata biyar."

"Duk ke ɗaya?"

"Da Inno, wani lokaci."

Ta girgiza kai.

"Sun yi ma mutum guda yawa. Da kin zo kin zamna kin gaya min komi da bakinki, da na zage ki, sa'an nan in zo in amshe ki ko ta yini guda a mako. Ni ma na iya tsare ƙohwa. Bakina ya hi naki zahi."

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Ita ba ta yi ba, da gaske take. Motar ta zo, Nura ya riƙe ta suka fita.

Na daɗe ina juya wannan magana. Rabah ba nisa gare ta ba, kuma Inno za ta iya zama mini na rabin yini. Na iya durƙusawa a gaban mata goma in hana Goggonku shiga, amma na kasa zuwa in zauna a gabanta mu biyu in ce ina buƙatarta. Ƙofar nan in aka sake ba ni ita zan sake tsarewa. Rashin zuwana Rabah shi ne kuskurena, kuma ina so ku san shi daga bakina.